Ina aiki a Jidda, ana bina bashin gida a Kaduna: in ɗauko iyalina yanzu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a wani asibiti mai zaman kansa a Jidda, watana huɗu da zuwa. Albashina gaba ɗaya riyal 9,000 ne, har da kuɗin gida da na mota. Na bar matata da 'ya'ya huɗu a Kaduna, a gidan da na saya da bashin banki. Saura Naira miliyan 18, ana biyan Naira 420,000 duk wata, kuma wata biyar ke nan ban biya ba, domin tun da na ajiye aikina na gida aka daina cira daga albashi, ga hidimar tafiya ta cinye abin da na tara. Bankin ya fara aiko da takardu. Hankalina kuma bai kwanta da nisan iyali ba. Wani abokin aikina ya ba ni shawarar in ci bashi a wani bankin Saudiyya in biya na gida baki ɗaya, in ɗauko iyali, in sa gidan haya. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah ya yaye maka, ya sa albarka a cikin wannan aiki. Na daɗe ina aikin lissafin albashi da sha'anin ma'aikata a nan Jidda, kuma irin tambayarka ta sha zuwa gabana. Shawarata a taƙaice ita ce kada ka ɗauko iyali da igamar zama, wato takardar izinin zaman baƙo, a wannan shekarar, kada kuma ka ci bashin bankin Saudiyya domin biyan na Najeriya. Na san ba ita ce amsar da zuciyarka take so ba, shi ya sa zan shimfiɗa maka dalilaina filla-filla, domin ka auna su da kanka, ka kuma zauna da maiɗakinka ku auna tare.

Abin da ya kamata ka fara gani shi ne kana cikin wani yanayi mai kyau wanda damuwa ta hana ka lura da shi. Bashinka da Naira yake, albashinka kuma da riyal. Riyal a ɗaure yake da dalar Amurka a kan 3.75 tun 1986, ba ya motsi. Ita kuwa Naira, tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 ta tashi daga wajen 460 a kan dala ta kai wajen 1,500 a cikin 2024, ma'ana riyal ɗin da ake canzarwa a kan Naira 120 da 'yan kai ya koma kusan 400. Wannan faɗuwa ta gigita mutanenmu na gida, amma ga wanda ake biya da riyal ta rage nauyin duk wani tsohon bashi na Naira. Mu ɗauki riyal a kan Naira 400 don sauƙin lissafi, kai sai ka gyara da farashin ranar da kake karantawa. Miliyan 18 ɗinka riyal 45,000 ne, wato albashinka na wata biyar. Biyan wata na Naira 420,000 kuwa riyal 1,050 ne kawai. Wannan rata tsakanin kuɗin da kake samu da kuɗin da ake binka ita ce jarinka, kuma tana nan ne muddin cefanen iyalinka da makarantar yaranka da Naira ake biyan su. Ranar da ka ɗauko su, duk hidimarsu ta koma riyal, ratar kuma ta tafi.

Bari in nuna maka da alƙaluma. Tun watan Yulin 2017 gwamnatin Saudiyya take karɓar kuɗi a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin igamar baƙo, abin da ake kira rusumul murafiƙin. An fara da riyal 100 a wata, ya koma 200 a 2018, 300 a 2019, sannan 400 tun Yulin 2020. Mata ɗaya da yara huɗu mutum biyar ke nan, riyal 2,000 duk wata, 24,000 a shekara, kuma kai ne mai biya ba kafilinka, wato wanda ya ɗauke ka aiki, ba, sai fa idan an rubuta akasin haka a kwantiraginka. Ba a sabunta igama ko a ba da bizar fita da dawowa sai an biya. Sannan gida. Yanzu wataƙila kuna haɗa ɗaki da abokan aiki, amma iyali sai shugga, wato fulat, mai ɗaki uku, da kwantiragi a manhajar rajistar haya ta Ejar. Tun da aka rushe tsofaffin unguwanni irin su Karantina, Sabil, Gulail da Bitrumin daga ƙarshen 2021, inda Takari da sauran baƙi masu ƙaramin ƙarfi suka daɗe suna zaune, hayar Jidda ba ta koma yadda take ba. Mu ƙaddara ka sami mai rangwame a kan riyal 28,000 a shekara, galibi kuma kashi biyu ake nema, rabin farko kafin a miƙa maka mukulli. Idan uku daga cikin yaran suna makaranta, kuma ba Larabci suka tashi da shi ba, makarantar kuɗi za ka nema. Mu ce ka dace da ta riyal 8,000 kan kowane yaro, wanda a gaskiya ƙasa-ƙasa na sa, 24,000 ke nan. Waɗannan uku kaɗai sun kama riyal 76,000 daga cikin 108,000 da kake samu a shekara. Abin da ya rage bai kai 2,700 a wata ba. Cire 1,050 na banki, saura wajen 1,600, a ciki za ka ciyar da mutum shida, ka biya wuta lokacin zafin Jidda da na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa, ka kai yara makaranta, a ƙasar da ake ɗora harajin kashi 15 cikin ɗari a kan kayan masarufi tun Yulin 2020. Ban sa tikitin jirgin mutum biyar ba, ban sa kuɗin biza da kayan ɗaki ba, ban kuma taɓa bashin wata biyar ɗin da ya taru ba.

Yanzu juya lissafin. Kana nan kai kaɗai, ɗaki riyal 1,000, abinci da zirga-zirga da waya 1,300, ka aika wa iyali 1,700, wato Naira 680,000, wanda zai riƙe gida mai mutum biyar a Kaduna cikin mutunci tunda ba haya suke biya ba. Saura riyal 5,000, Naira miliyan biyu duk wata. Bashin da ya taru, Naira miliyan 2.1, wata ɗaya da 'yan kwanaki ya ishe shi. Ko da ka ware wani abu na ko-ta-kwana, kuma lallai ka ware, za ka iya gamawa da bankin gaba ɗaya a cikin shekara ɗaya zuwa wata 14. Bambancin hanyoyin biyu ke nan: ɗaya za ta bar ka da bashi na shekaru kana ƙirga riyal a ƙarshen kowane wata, ɗaya kuma za ta mayar maka da takardar gidanka kafin ƙaramin ɗanka ya gama gane cewa ka yi nisa.

Sai maganar abokin aikinka. Ba zan ce bai san abin da yake faɗa ba, domin a kan takarda yana da hujja. Ribar da bankunan nan suke ɗorawa ba ta kai ko kusa da kuɗin ruwan bankunan kasuwanci na Najeriya ba, waɗanda suka haura kashi 20 cikin ɗari, a lokacin da Babban Bankin Najeriya da kansa ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024. Amma akwai abin da takarda ba ta nunawa. Bashin Kaduna a kan gida yake. Mafi munin abin da zai faru shi ne a rasa gidan, kai kuma kana da 'yancinka. Bashin Jidda a kan wuyanka yake. Bankin zai nemi a riƙa zuba albashinka a wurinsa, zai iya cire har kashi ɗaya bisa uku duk wata, zai sa ka sa hannu a takardar alƙawarin biya da ake kira sanad li amr, wadda kotun zartarwa take aiki da ita kai tsaye ba tare da doguwar shari'a ba. Idan aiki ya tsaya, bankin yakan riƙe asusunka da kuɗin sallamarka, sunanka ya shiga rajistar SIMAH mai adana tarihin bashin mutane, kotu kuma tana da ikon hana ka fita daga ƙasar. A ranar albashin riyal ya yanke, bashin riyal yana nan, ratar da take yi maka aiki yanzu ta juya ta zama a kanka.

Na ga wannan da idona. Wani bawan Allah da muka yi aiki tare ya shigo ofishina da sassafe, idanunsa jajur, ya ce mahaifiyarsa ta rasu cikin dare, in taimaka a fitar masa da bizar fita da dawowa. Muka buɗe Absher, manhajar hidimomin gwamnati, a wayarsa, sai ga sanarwar hana tafiya daga kotun zartarwa, a kan bashin da ya ci shekara biyu da suka wuce ya ƙarasa gini a gida. Ya daɗe yana kallon wayar bai ce komai ba, sannan ya ajiye ta a kan teburina ya tambaye ni inda zai yi alwala. A waya aka yi masa ta'aziyya, kuma sai bayan watanni, da 'yan'uwa suka yi karo-karo, ya samu ya je ya ga kabarinta. Tun daga ranar ban ƙara jin an ambaci bashin bankin nan da sauƙin baki ba sai na tuna da shi.

Akwai kuma dalilin da ya shafi aikinka kai tsaye. Watanka huɗu, kuma dokar ƙwadago ta yarda lokacin gwaji ya kai kwana 180, wanda a cikinsa za a iya sallamar ma'aikaci ba tare da diyya ko kuɗin sallama ba. Buɗe kwantiraginka a Qiwa, shafin ma'aikatar ƙwadago, ka ga kwana nawa aka rubuta maka. Kwantiragin baƙo a nan mai wa'adi ne, ba a san matsayin mutum ba sai an sabunta masa karo na farko. Fanninka ma yana cikin waɗanda aka ƙara wa kason 'yan ƙasa: daga Afrilun 2025 an ɗora wa asibitoci cika kashi 70 cikin ɗari na ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje da Saudawa. Ba ina tsorata ka ba ne, asibitin ya san da dokar ya kuma ɗauke ka, alamar yana buƙatarka. Amma mai hankali ba ya tumɓuke yara huɗu daga makarantarsu a kan aikin da bai shekara ba. Kada kuma ka dogara da kuɗin sallama, domin rabin albashin wata ne a kan kowace shekara cikin biyar ɗin farko, wanda ya ajiye aiki da kansa kafin shekara biyu kuwa ba shi da komai, kuma baƙo ba shi da fansho a ƙasar nan.

To, me za ka yi da bankin Kaduna? Abu mafi muni shi ne shirun da kake yi. Banki ya fi tsoron wanda ya ɓace a kan wanda ya gaza, kuma a wurinsu yanzu kai mutum ne da ya ajiye aiki ya bar ƙasa ya daina biya. Rubuta musu a wannan makon, takarda mai kwanan wata da sa hannu, ka sanar da su inda kake da aikin da kake yi, ka haɗa da shaidar albashi. Ka nemi abu uku: cikakken bayanin asusun bashin, a rabe tsakanin uwar kuɗi da kuɗin ruwa da tarar jinkiri, sassaucin tarar idan ka biya abin da ya taru cikin wata biyu, da kuma sharaɗinsu game da biya kafin wa'adi. Wannan na ukun shi ne mutane suke mantawa. Wasu bankunan suna cajin mai biya da wuri, wasu kuma idan ka zuba ƙari ba tare da umarni ba sai su ajiye shi a matsayin biyan watanni masu zuwa maimakon su rage uwar kuɗin, kuɗin ruwa ya ci gaba da hauhawa a kan tsohon adadi. Duk ƙarin da za ka aika, rubuta cewa a cire shi daga uwar kuɗi, ka kuma karɓi sabon jadawali.

Ba ka faɗi irin bashin ba, kuma yana da tasiri. Idan na Asusun Gidaje na Ƙasa ne, wanda aka kafa a 1992 yake ƙarƙashin Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, ruwansa kashi 6 ne cikin ɗari, wa'adinsa kuma yakan kai shekara 30. Irin wannan babu gaggawa sosai a kansa ta fuskar lissafi, biyan abin da ya taru da tsayawa a kan biyan wata ya wadatar. Yawan abin da kake biya duk wata ya sa nake zaton naka na kasuwa ne, kuma shi kowane wata na jinkiri asara ce. Idan kuwa na bankin Musulunci ne, irin Jaiz ko TAJ, a tsarin murabaha, inda banki yake saya ya sayar maka da riba, farashin a yanke yake tun farko, rangwamen biya da wuri kuma ba dole ba ne a kansu, sai ka tambaya kafin ka ƙuntata wa kanka. Hukuncin bashin ruwa na bar wa malamai, amma ban san malamin da zai ce wa wanda ya riga ya shiga ya daɗe a ciki alhali yana da halin fita ba. Malaman Malikiyya ma sun ba mai bin bashi damar hana wanda yake bi tafiya idan wa'adin zai cika ba ya nan, sai ya bar wakili ko mai tsaya masa. Kai ka riga ka taho, saboda haka naɗa wakilin ya zama haƙƙi a kanka: mutum ɗaya amintacce, da takardar wakilci ta hannun lauya, wadda ta ba shi ikon magana da banki da karɓar takardu, ba ikon sayarwa ba.

Kuɗin kuma ka aika su ta hanyar da take barin shaida, irin Tahweel Al Rajhi ko Enjaz ko manhajojin bankuna, su shiga asusunka na Najeriya, daga nan su wuce asusun bashin. Na san 'yan canjinmu na hannu da hannu sukan ba da farashi mai ɗan daɗi, kuma da yawansu mutanen kirki ne, amma hukumomin nan ba su yarda da wannan hanya ba, kuma ranar da aka yi gardama da banki a kan wata kaza, rasit ne zai yi magana.

Batun sa gidan haya ba zan daɗe a kansa ba. Tambayi dillalan unguwarku nawa ake hayar gida irin naka a shekara, ka kwatanta da Naira miliyan biyar da ɗoriya da bankin yake karɓa a shekara. Da wuya hayar ta kai rabi. Yarjejeniyar jinginar ma sau da yawa takan hana sa ɗan haya sai da izinin banki. Iyalinka a cikin gidan sun fi kowane ɗan haya amfani, domin su ne suke ganin inda rufi ya fara yoyo. Sayarwa kuwa ba ta taso ba a halin da kake ciki. Da a ce albashin ba zai iya ɗaukar bashin ba, da na ce ka sayar da kanka da yardar banki kafin su yi gwanjonsa, ka kuma shirya wa jinkirin neman amincewar gwamna da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta wajabta. Kai ba ka kai nan ba.

Na bar abin da ya fi nauyi zuwa yanzu, wato kewar iyali, domin ba na so ka ɗauka na mayar da matarka da 'ya'yanka alƙaluma. Mace da aka bari da yara huɗu da takardun banki suna zuwa ƙofar gida tana ɗauke da kaya mai nauyi, kuma tana da haƙƙin zaman aure wanda kuɗin cefane ba ya biya. Ni ma na yi shekarar farko ni kaɗai, na san yadda ɗaki yake yin shiru bayan sallar isha'i. Abin da ya sauƙaƙa mana shi ne wa'adi. Haƙurin da ba a san ƙarshensa ba shi yake karya zuciya, amma idan kuka zauna ka nuna mata lissafin nan, ta ga adadin da ya rage da watan da ake sa ran gamawa, ta zama ita ce mai riƙe da jadawalin tana soke kowane wata da aka biya, to ta zama abokiyar aikin, ba wadda aka bari a baya ba. Kada ka ɓoye mata komai game da bashin, ko da kana ganin kana kare ta ne.

Akwai kuma hanya ta tsakiya, wato bizar ziyarar iyali, wadda ake nema ta shafin Ma'aikatar Harkokin Waje. Mai ziyara ba ya ƙarƙashin igamarka, saboda haka babu riyal 400 na wata a kansa. Bayan ka share bashin da ya taru ka kuma wuce lokacin gwaji, za ka iya kawo ta da ƙananan yaran a lokacin dogon hutun makaranta, ka kama shugga mai kayan ɗaki na wata ɗaya ko biyu, ku yi Umra tare, ta ga Jidda da idonta. Wannan ganin yana da amfani, domin mata da yawa suna zuwa su tarar zaman bene a rufe, babu maƙwabta babu dangi, miji yana asibiti tun safe, kuma wadda take ƙarƙashin igamar miji ba ta da izinin aiki kai tsaye. Wasu sukan so zaman, wasu sukan ce a bar su a gida ana ziyartar juna. Ka kauce wa watannin da ke gab da Hajji, lokacin da ake tsaurara bizar ziyara ake kuma hana masu ita shiga Makka. Kuma don Allah su fita kafin wa'adin ya cika ko a sabunta a kan lokaci. Duk wanda ya zauna a nan ya san gidajen da aka shigo da ziyara ko Umra aka zarce, yara suka tashi babu takarda, babu makaranta, ƙarshenta sai Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a kora daga ƙasar. Tarar da hukuncin a kanka za su faɗa, kai da ka gayyato su, har su iya shafar igamarka.

Idan Allah ya kai mu lokacin sabunta kwantiraginka, bashin ya kusa ƙarewa ko ya ƙare, a nan ne za a yi maganar ɗauko su da zama, kuma a nan ne kake da bakin ciniki. Asibitin da ya gamsu da aikinka za ka iya neman ya mayar da kwantiraginka na mai iyali, da tikitinsu na shekara, da wani abu a kan kuɗin makaranta ko rusum ɗin nan. Inshorar lafiyar mata da 'ya'yan da ke kan igamarka dama doka ta ɗora ta a kan mai aiki, kada a ƙirga maka ita a matsayin alfarma. Idan suka ƙi, tun gyaran da aka yi a watan Maris na 2021 ma'aikacin da ya cika shekara yana iya komawa wani wurin ta Qiwa bisa sharuɗɗan da aka gindaya. Kafin nan, ka duba sana'ar da aka rubuta a igamarka ta dace da takardunka, domin da ita ake duba cancantar ɗauko iyali, ka kuma sa a fara haɗa takardar aure da takardun haihuwar yaran huɗu da fasfo ɗinsu, a tabbatar sunayen sun zo iri ɗaya harafi da harafi, a fassara su zuwa Larabci a buga musu hatimin da ake buƙata. Wannan aikin yakan ci watanni, kuma ana iya yin sa daga Kaduna tun yanzu.